Milimita Biyu

Shekara talatin da ɗaya a Magazin ta Suame
ina yanka zare a jikin ƙarfe,
ban taɓa tambayar ma'auni ba.
Babban yatsana ya san sha biyu, ya san sha huɗu,
ko a duhun ƙarƙashin tifa.
In Masta Gariba ya ce noti zai shiga,
to, shiga zai yi.

Haƙorin kam laifina ne.
Da shi nake fere waya, da shi nake buɗe kwalba,
har ranar da tsakuwa a cikin shinkafa da wake
ta raba turmina na hagu gida biyu.
Shekara huɗu ina tauna da gefe ɗaya
kamar motar da tayarta ta sace.

Barikisu ce ta ja ni Adum,
da kuɗin ɗinkinta ƙulle a bakin mayafi.
Aka ce in ciji wani ɗan itace, kada in motsa.
Na'ura ta zagaye kaina sau ɗaya, tana gunaguni.
Sai ga muƙamuƙina a fuskar kwamfuta,
ba leɓe, ba gemu,
irin wanda ƙasa kaɗai ya kamata ta gani.

Dakta Owusuwaa ta juya shi da ɗan yatsa,
ta kifa shi, ta yanka shi sala-sala, ba jini.
Ta nuna wani jan zare kwance cikin ƙashi,
ta ce da Tonanci, a hankali:
Wannan jijiya ce, Baba.
In na taɓa ta, leɓenka zai yi barci,
ba lalle ya farka ba.

Ta ɗauko ƙusa mai zare, ta hoto,
ta dasa, ta cire, ta karkata, ta sake.
Na ce, 'yata, ƙara nitsa ta kaɗan,
idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.
Ba ta yi musu ba. Ta nitsa.
Allon ya yi ja.

Milimita biyu, ta ce,
su za mu bari tsakaninmu da ita.

Na yi shiru.
Na tuna injin motar Alhaji Mumuni,
damina ce, ina sauri, azahar ta kusa,
na huda da ido, na zarce,
ruwa ya sami hanya ya gauraye da mai.
Na ce yaron shago ne.
Issaka bai ce komai ba,
ya naɗe tabarmarsa, ya hau motar Tamale.

Ranar aiki ta zo da wata roba garai-garai,
wadda inji ya gina daidai bakina,
ta hau haƙorana ta zauna daram.
Ƙofa ɗaya ce a jikinta, da zoben ƙarfe,
mahuji ba shi da inda zai kauce,
ba shi da ikon wuce inda aka ce ya tsaya.
Ban ji zafi ba, sai rawar ƙashi
da sanyin ruwa a gefen harshe.
Da ta zo ɗaurewa na ji ƙas.
Na san wannan ƙara.
Da bakina ba a cike yake ba, da na ce ya isa,
amma ita ma ta riga ta tsaya.

Wata uku ƙashi yana rungumar baƙonsa.
Jiya a Aboabo na ciji tsire da hagu,
Barikisu na kallona tana dariya.

Da safe na buɗe akwatin ƙasan benci,
ma'aunin yana nan cikin tsumma, da ɗan tsatsa.
Na shafa masa mai.
Yara suka tsaya kallo, ba wanda ya tanka.
Na ce da direban da ke lodin Tamale,
in ka isa, tambaya mini wani Issaka,
dogo ne, da tabo a gira.
Yanzu zai kai arba'in.